Sabuwar Waya da Kalar Atamfar da Ta Ƙi Fitowa Daidai: Nazarin Lamarin Wata Mai Sana'a a Kano

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa matar aure ce a wata unguwa ta cikin birnin Kano, kuma ta kai shekara huɗu tana sayar da atamfa da leshi da shadda daga cikin gidanta. Ba ta da shago. Tana saro kaya a Kantin Kwari sau ɗaya ko sau biyu a mako, ta shimfiɗa su ta ɗauki hoto, ta ɗora a sitatus na WhatsApp. Wadda ta ga abin da ya yi mata sai ta yi magana, a daidaita, ta turo kuɗi ta banki, ƙanin mai kayan ya kai tasha a sa a mota. Da yawa daga cikin masu sayen ba su taɓa ganin ta ido da ido ba, domin suna Kaduna da Jos da Bauchi da Abuja, kuma abin da suka gani a fuskar wayarsu shi kaɗai suke dogara da shi kafin su fitar da kuɗi.

Duk tsawon wannan lokaci waya ɗaya take aiki da ita, wadda ta saya a 2020, mai fuska irin ta LCD. Zuwa farkon 2024 fuskar ta tsage daga kusurwa, batir ya fara kumbura har murfin baya ya ɗaga, ma'ajiyar wayar kuma ta cika, ta yadda sai ta goge hotunan jiya kafin ta ɗauki na yau. Hotunan tsohuwar wayar ba su da wani armashi, amma a littafin da take rubuta ciniki babu inda aka taɓa dawo mata da kaya saboda kala. A lokacin da rana take ɗaukar hoto, a tsakar gida, saboda wayar ba ta ganin komai da dare.

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024: ranar saye

Ta kwashi adashi, ta ware naira dubu 250 domin waya, ta tafi kasuwar waya ta Farm Centre tare da ƙanin nata. Lokacin bai yi wa mai saye daɗi ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma a wannan wata na Fabrairu dala ta haura naira 1,500, har ta kai 'yan waya ba sa faɗin farashi sai sun duba yadda dala ta kwana. Hakan ya sa ta shiga kasuwar da niyyar kada ta fito hannu wofi, don tana tsoron kuɗin da ya isa yau ba zai isa mako mai zuwa ba.

Mai shagon da suka tsaya wurinsa ya jera musu wayoyi huɗu da kuɗinta zai iya kaiwa gare su, dukkansu sababbin fitowa a tsakanin Disambar 2023 da Janairun 2024: Tecno Spark 20 Pro, Infinix Hot 40 Pro, Samsung Galaxy A15, da Redmi Note 13 na kamfanin Xiaomi. A takarda sun yi kama da juna fiye da yadda sunayensu ke nunawa. Kowaccensu batirinta 5000mAh ne. Uku daga ciki, wato Spark 20 Pro da Hot 40 Pro da Galaxy A15, ƙwaƙwalwa iri ɗaya suke ɗauke da ita, Helio G99 ta kamfanin MediaTek, ita kuwa Redmi Note 13 tana da Snapdragon 685. Tecno da Infinix ma gida ɗaya suka fito, domin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin shi ke da su duka, har da itel, kuma waɗannan biyun da aka jera mata faɗin fuskarsu ɗaya ne, inci 6.78, kyamararsu ta baya megafiksel 108, wato ɗigo miliyan 108 a hoto, ta gaba 32, cajinsu wat 33.

Inda suka rabu a fili shi ne fuska. Spark 20 Pro da Hot 40 Pro fuskarsu LCD ce, wadda fitila ɗaya ke haskawa daga baya, saboda haka baƙinta ba ya cika baƙi. Galaxy A15 mai inci 6.5 da Redmi Note 13 mai inci 6.67 fuskarsu AMOLED ce, inda kowane ɗigo yake kunna kansa ya kashe kansa, baƙi ya zama baƙi ƙirin, sauran launuka kuma su yi ta sheƙi a kansa. Sauran bambancin ƙanana ne ga mai kallo a shago. Kyamarar Galaxy A15 megafiksel 50 ce, cajinta wat 25, kuma igiya kaɗai ce a kwalinta babu kan caja, amma Samsung ya yi alkawarin sabunta manhajar Android a kanta sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar. Redmi Note 13 tana da megafiksel 108 da caji wat 33.

Gwajin da suka yi bai wuce minti ashirin ba. Ta riƙe kowacce ta ji nauyinta, ta ja fuska sama da ƙasa, ta ɗauki hoton fuskarta da kyamarar gaba, ta ɗauki hoton kwalayen da ke jere a kanta, sannan mai shagon ya kunna mata bidiyo ɗaya a kan kowacce. Ƙanin nata hankalinsa na kan lambobi. Yana son mai 108, yana kuma son wadda aka rubuta mata 8+8 a jikin kwali, wato girman RAM, wurin da waya ke riƙe aikin da take kan yi, ba tare da ya san cewa takwas ta biyun aro ce da wayar ke yi daga ma'ajiyarta ba, kuma ba ta kai ta ainihin sauri. Ita kuwa tun da aka kunna bidiyon idonta bai bar masu AMOLED ɗin biyu ba. Ta ce wa ƙanin nata idan atamfarta ta fito haka, ba sai ta yi wa kowa talla ba. Ta ɗauki ɗaya daga cikin biyun, sabuwa dal a kwali. Wannan nazari ba zai ambaci wacce ba ce, domin abin da ya biyo baya zai iya faruwa da kowaccensu. Ba ta je kasuwar da ko ƙyalle ɗaya na kayan da take sayarwa ba, kuma duk hoton da ta ɗauka a shagon a kan wayar da ta ɗauke shi ta kalle shi. Tsohuwar wayar aka canza mata batir, ƙanin ya ci gaba da riƙe ta.

25 ga Fabrairu zuwa 17 ga Maris: daɗi da farkon ƙorafi

Makon farko babu abin da ya fito sai yabo. Sabuwar wayar tana iya ɗaukar hoto mai haske da dare, abin da tsohuwar ba ta taɓa yi ba, saboda haka ta daina jiran rana. Sai ta gama aikin gida, yara su kwanta, ta shimfiɗa kaya a kan gado ƙarƙashin farin ƙwan LED ta ɗauka. Da aka ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris wannan tsari ya ƙara zama mata dole, domin rana ta girki ce, ciniki kuma ya buɗe, kowa yana son ya kai wa tela kayan sallah kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Ta koma ɗaukar hoto bayan asham, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya.

Ƙorafin farko daga Jos ya zo. Wata ta sayi shadda shuɗiya don mijinta, ta ga shuɗi mai haske a hoto, abin da ya iso mata kuwa shuɗi ne mai duhu wanda ya kusa baƙi. Na biyu ya fi nauyi. Wasu dangin amarya a Kaduna sun zaɓi atamfa turmi goma sha biyu don anko, bisa hoton da ya nuna musu ja mai kyau, da kayan suka isa sai suka tarar marun ne mai duhu. Kalmarsu ɗaya ce, ba kalar ba ce. Ta karɓi kayan, ta mayar da kuɗi, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kuma turmi goma sha biyu na zane ɗaya a hannunta. Daga 4 zuwa 17 ga Maris an dawo mata da kaya sau biyar, duk a kan kala, kuma duk a kan launuka uku ne, marun da shuɗi mai duhu da shunayya. Ruwan madara da ruwan toka da fari babu wadda ta yi magana a kansu.

Akwai abin da ya ƙara rikita lissafi a wannan tsakani. Ranar Alhamis 14 ga Maris manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta na wasu kwanaki. Hotunanta suka riƙa tsayawa a hanya, wasu masu saye suna ganin su dishi-dishi. Ba ta san abin da ake ciki ba sai daga baya, don haka ta haɗa wannan da batun kala ta ɗora wa wayar duka.

18 zuwa 22 ga Maris: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da ta gwada shi ne kunna filashin kyamara. Shadda ta mayar da hasken ya zama farin tabo a tsakiyar hoto, duwatsun leshi suka yi ta walƙiya har zanen ya ɓace, gefen hoton kuma ya yi duhu. Ta bar shi a daren farko.

Na biyu shawarar ƙanin ce, cewa a buɗe kyamara a kan cikakken megafiksel ɗinta. Hoton ya yi nauyi, ya ci wuri, ya ci data, amma kalar tana nan yadda take. Dalilin yana cikin yadda waɗannan kyamarori ke aiki. Mai 108 a al'ada tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya ta fitar da hoton megafiksel 12, mai 50 kuma tana haɗa huɗu ta fitar da 12.5, saboda haka a hoton yau da kullum kusan girmansu ɗaya ne. Yawan ɗigo yana ƙara bayyanar zare ne idan akwai isasshen haske, ba ya gyara launi. Sannan duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba a WhatsApp ana matse shi ya koma kusan megafiksel biyu kafin ya isa wurin mai kallo.

Na uku shi ya fi yi mata ɓarna, kuma shi ne wanda ya fi kama da hankali. Ta ajiye atamfar a gefe, ta buɗe hoton a wurin gyara, ta yi ta rage ƙarfin launi har sai da abin da ke fuskar wayarta ya yi daidai da abin da ke kan gado. A idonta an gama. Kwana biyu tana ɗora hotunan da ta gyara haka, sai ciniki ya ja baya, wata tsohuwar mai saye ta tambaye ta ko kayan sun kwana biyu ne, don ta ga kamar sun koɗe. Ta gwada rubuta gargaɗi a ƙasan hoto cewa kalar ta fi haka duhu, sai ya zama kowa na tambayar duhun kamar yaya. Ta gwada kiran bidiyo da masu son ganin kaya, shi kuma ya fi hoto lalacewa, domin ana matse shi daidai da ƙarfin sabis na lokacin.

Asabar, 23 ga Maris: komawa kasuwa

Ta koma da niyyar musaya, ta ba da wayar ta yi ciko ta ɗauki wata. Wannan karon ta tafi da yadi uku a jaka, marun da shuɗi mai duhu da shunayya, don ta nuna wa mai shagon hujja. Bai musa mata ba, amma ya gaya mata ƙa'idar kasuwa, cewa wayar da aka buɗe kwalinta ta zama ta hannu ko da kwana ɗaya ta yi, ga shi kuma dala ta fara sauka a ƙarshen Maris, sababbin ma farashinsu ya fara laushi. Abin da ya taya wayar zai sa ta yi asarar kusan naira dubu sittin, kafin a zo maganar cikon da za ta yi idan tana son ta hau aji na gaba, irin su Tecno Camon 20 da ake tallatawa da kyamara, ko Infinix Note 40 da ta fito a watan.

Wani mai gyaran waya da ke da teburi a bakin shagon ya ji zancen. Ya ce, Hajiya, kafin ki yi asarar nan bari mu ga ko wata wayar za ta yi abin da wannan ta kasa. Aka tattaro irin wayoyin nan huɗu daga hannun yaran shago da waɗanda aka kawo na hannu, aka ƙara da ɗaya mai tsada daga aji na gaba, suka zama biyar, tata na ciki. Kowacce ta ɗauki yadin nan uku sau biyu, sau ɗaya a cikin shago ƙarƙashin fitila, sau ɗaya a waje cikin inuwar gini inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Hoto talatin ke nan. Sharaɗin da mai gyaran ya kafa shi ne kada a kalli ko ɗaya a kan wayar da ta ɗauke shi. Aka tura su duka ta Xender, wanda ba ya matse hoto, zuwa tsohuwar wayar da ke hannun ƙanin, ya riƙa buɗe mata su a gauraye ba tare da ya faɗi wacce ta ɗauki wanne ba, ita kuma tana riƙe da yadin tana gwadawa.

Hotunan cikin shago babu wanda ya yi daidai, har na mai tsadar. Shuɗi mai duhu ya yi haske a dukkan biyar, marun ya karkata wajen ja a wasu, wajen ruwan ƙasa a wasu. Hotunan inuwa kuwa duk sun matso kusa da gaskiya, kuma da aka ce ta ware wanda ya fi, ta kasa tsayawa a kan waya ɗaya, don wadda ta fi a marun ba ita ta fi a shuɗi ba. Tazarar da ke tsakanin fitila da inuwa a waya ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin wayoyin biyar a wuri ɗaya. Shunayya ce kaɗai ta gagari kowa, ko a inuwa tana karkata wajen shuɗi.

Daga nan mai gyaran ya buɗe hoto guda a kan wayarta da kan tsohuwar, ya jera su. Hoto ɗaya ne, amma a tata ya fi ƙarfin launi nesa ba kusa ba. Ya shiga saitin fuska ya nuna mata cewa wayar ta zo a kan yanayin da ake kira Vivid, wanda ke ƙara wa kowane launi kauri, ya mayar da ita kan yanayin da ba ya ƙari. Nan ta gane abin da ya faru da hotunan da ta gyara. Tana rage launi ne don ta kashe ƙarin da fuskarta ke yi, alhali wayoyin masu sayenta, waɗanda yawancinsu LCD ne, ba sa yin wannan ƙarin, sai ragin kawai ya isa gare su. Ba ta yi musayar ba, ta koma gida da wayarta.

24 ga Maris zuwa jajiberin sallah: abin da ya yi aiki

Gyaran ya ɗauki kwana uku ana lalube. Da fari ta shimfiɗa kaya ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, sai hasken da ke ratsa ganye ya yi wa yadi dabbare-dabbare, ya kuma sa masa ɗan kore-kore. Ta koma jikin wata katanga mai fenti ruwan goro, ita ma ta mayar wa yadin da launinta. A ƙarshe ta tsaya a inuwar wata katangar siminti mara fenti a tsakar gida, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, ta shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa. Wannan ya sa dole ta ɗauki hotunan yini gaba ɗaya a zama ɗaya kafin ta ɗora tukunya.

A kan kyamarar ta canza abu uku. Ta kashe abin da ke ƙawata hoto da kansa, wanda ke gane abin da ke gabansa ya ƙara masa launi. Ta riƙa ajiye farar takarda a gefen kowane yadi, domin kyamara tana neman abin da za ta ɗauka a matsayin fari ta auna sauran launuka da shi, idan kuwa yadi mai launi ɗaya ya cika hoton, sai ta zaci hasken wurin ne ke da wannan launin ta yi ƙoƙarin rage shi. Daga baya ta koyi shiga yanayin Pro ta tsayar da ma'aunin fari da hannu, a lambar da ke tsakanin 6000 da 6500, inda takardar ke fitowa fara sol. Na uku ya shafi yadi mai duhu. Kyamara tana ƙoƙarin kai kowane hoto matsakaicin haske, saboda haka idan ta ga shuɗi mai duhu ya cika mata ido sai ta ɗauka duhun wuri ne ta ƙara haske, shi ya sa shaddar Jos ta fito da haske. Maganinsa shi ne ta taɓa yadin a fuska, ta ja alamar rana ƙasa kaɗan har duhun ya dawo.

Kafin ta ɗora kowane hoto sai ta tura wa ƙanin nata ta WhatsApp, ta karɓi tsohuwar wayar ta gwada da yadin a hannu. Sitatus ya zama na jawo hankali kawai. Wadda ta nuna tana so, musamman a leshi da shadda inda zane ke da muhimmanci, sai ta sake tura mata hoton da alamar HD, wadda WhatsApp ya ƙara a 2023, ko ta tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Daga 27 ga Maris zuwa sallar da aka yi ranar Laraba 10 ga Afrilu, lokacin da ciniki ya fi yawa a shekara, kaya ɗaya aka dawo mata da shi saboda kala, kuma leshi ne shunayya.

Yuni 2024: waya ta biyu

Gab da babbar sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni, tsohuwar wayar ta mutu gaba ɗaya, ya zama dole a saya wa ƙanin wata, tunda shi ke karɓar kira a tasha, kuma wayarsa ce madubin da ake duba hoto. Wannan karon ta shiga kasuwar da yadi uku da farar takarda, ta kuma ƙi kallon bidiyon talla. Ta tambayi abubuwan da ba ta tambaya a Fabrairu ba: nawa ake canza fuska idan ta fashe, ana samun kayan gyara a cikin kasuwar ko sai an aika Legas, akwai kan caja a kwali ko sai an saya daban, sannan ta buga *#06# ta gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali.

Ta zaɓi mai fuskar LCD da gangan, domin irinta ce a hannun mafi yawan masu sayenta, kuma canza fuskar LCD ya fi na AMOLED sauƙin kuɗi ga wayar da za ta riƙa yawo a tasha. Zaɓin ya rage tsakanin Spark 20 Pro da Hot 40 Pro. Ta ɗauki hoton yadinta da kowacce a inuwa, ta kalle su a waya ɗaya, ba ta ga abin da zai raba su ba, ga shi cibiyar gyaransu ma ɗaya ce, wato Carlcare. Ta ɗauki wadda ta fi araha a ranar.

Hukunci a kan lamarin

Wayar da ta saya a Fabrairu ba ta da lahani, kuma mai shagon bai yaudare ta ba. Abin da ta auna a minti ashirin ɗin nan fuska ce, fuskar kuwa ta cancanci yabon da ta samu, sai dai ita kaɗai ke kallon ta, masu sayenta ba sa gani. Abin da sana'arta ke buƙata shi ne hoton da zai bar wayarta ya isa wata wayar da launinsa, kuma ba a iya gane wannan ta kallon hoto a kan wayar da ta ɗauke shi. A ganin mai wannan nazari, babban abin da ya jawo asarar ma ba ya cikin abin da aka gwada a shago. Tsohuwar wayar, saboda rauninta, ta tilasta mata ɗaukar hoto da rana na shekara huɗu ba tare da ta san amfanin hakan ba, sabuwar kuma da ta iya gani da dare sai ta ɗauke mata wannan tilas, ta mayar da ita ƙarƙashin farin ƙwan LED mai araha, wanda haskensa ke da ƙarancin ja mai zurfi, shi ya sa marun da shunayya suka fi shan wahala.

Gwajin 23 ga Maris ya yi amfani ne saboda ya riƙe abu biyu wuri ɗaya, yadi da fuskar kallo, ya bar kyamara da haske kaɗai suna canzawa, kuma ya ɓoye mata sunan wayar. Iyakarsa ita ce ido ɗaya ne ya yi alƙalanci, a kan fuska ɗaya tsagaggiya, da yadi uku, saboda haka ba ya nuna cewa wayoyin nan daidai suke a komai. Mai ɗaukar bidiyon biki da dare, ko mai son wayar da za ta shekara biyar tana samun sabuntawa, zai iya jera su huɗun nan ya fito da zaɓi daban, kuma ya yi daidai. Da ta yi musayar a ranar, da ta yi asarar dubu sittin da ciko, ta koma ɗaki ɗaya ƙarƙashin ƙwai ɗaya.

Shunayya har yanzu ba ta warware ba, domin tana tsakanin ja da shuɗi, kuma kyamarorin wannan aji sukan jingina ta ga ɗayansu. A kan wannan launi, da kuma duk odar anko da ta kai turmi goma, ta daina dogara da hoto. Tana yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadi, ta sa a ambulan, ƙanin ya ba direba a tasha, sai dangin amarya sun riƙe shi a hannu sun amince sannan ta je Kwari ta saro sauran.